Likita na zargin kansar bututun fitsari a jikin Baba: mene ne ita, kuma dole ne sai an yanke gaba?

Tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko a taƙaice ita ce: mahaifinsa ya haura shekara 65, ya daɗe yana fama da tsukewar hanyar fitsari, ana ta buɗe masa a asibiti lokaci zuwa lokaci, to kwanan nan sai jini ya fara ɗiga daga kan gabansa ko da ba fitsari yake yi ba, ga kuma wani ƙullutu mai tauri a ƙasan azzakari. Likita ya ce sai an leƙa ciki da kyamara an ɗan yanko nama, ya kuma ambaci kansar bututun fitsari. Yana so ya san wace irin kansa ce wannan, ana warkewa ko a'a, kuma wai gaskiya ne ƙarshenta yanke gaba ake yi.

To ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abu na farko, har yanzu zargi ne, babu wanda zai iya ce maka kansa ce sai sakamakon naman nan ya fito. Amma likitan nan ya yi daidai ƙwarai da ya kawo zancen, kuma ina roƙonka kada ku bari tsoro ya sa ku ɗaga ranar gwajin, don a wannan ciwo jinkiri shi ne babban abin da yake cutar da mutane, zan yi maka bayanin dalili.

Ka gane wurin da ake magana tukuna. Fitsari daga ƙoda yake taruwa ya gangaro mafitsara, daga mafitsara kuma akwai bututu ɗaya da yake fitar da shi waje, to wannan bututun na ƙarshe shi ne maganarmu. A jikin namiji tsawonsa ya kai wajen santimita 18 zuwa 20, yana farawa daga wuyan mafitsara, ya ratsa ta cikin furostet, wato wani ɗan curin nama da maza suke da shi a ƙasan mafitsara, ya bi ta wajen tsokar da take riƙe fitsari, ya lanƙwaso ta matsematsi sannan ya bi tsawon azzakari har baki. A jikin mace gajere ne sosai, santimita 3 zuwa 4 kawai, kuma manne yake da bangon farji ta gaba. Wannan tsawon da inda ciwon ya zauna a cikinsa, su ne suke yanke kusan komai game da magani, dan haka ka riƙe shi a ranka.

Kansar da take farawa daga cikin bututun kansa ba ta da yawa ko kaɗan, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kansar da ke kama sassan fitsari da al'aura ba. Ƙididdigar Amurka ta shekarun 1973 zuwa 2002 ta nuna kamar maza 4 ne cikin miliyan ɗaya suke kamuwa a shekara, mata kuma tsakanin 1 da 2 cikin miliyan, a Turai ma lissafin bai kai haka ba, kuma a waccan ƙididdiga ta Amurka baƙaƙen fata sun ninka farare wajen kamuwa. Tsofaffin littattafan likitanci sun daɗe suna cewa mata ta fi kamawa, sai da aka tattara alƙaluma masu yawa aka ga ashe maza ne suka fi. Ta fi yawa a tsofaffi, musamman waɗanda suka wuce 75. Ƙarancin nan nata yana da illa biyu: likita da yawa zai gama aikinsa bai ga ko guda biyar ba, dan haka ba ta saurin zuwa masa a rai, sannan babu manyan gwaje-gwajen magani da aka yi a kan dubban mutane kamar yadda aka yi wa kansar nono ko ta furostet, yawancin abin da muke yi an aro shi ne daga yadda ake maganin kansar mafitsara da ta azzakari da ta dubura.

Yanzu ga inda labarin Baba ya shigo. Cikin abubuwan da aka san suna share wa wannan ciwo hanya a maza, tsukewar bututu mai daɗewa tana kan gaba. Ko ciwon sanyi ne da aka yi tun ana samari bai samu magani mai kyau ba ya bar tabo, ko rauni ne, ko yawan saka roba da cire ta, duk dai abin da zai sa fatar cikin bututun ta yi shekaru tana kumbura tana warkewa tana sake kumbura, to ƙwayoyin wajen suna iya sauya hali a hankali. Akwai kuma ƙwayar cutar HPV, musamman nau'i na 16, wadda ake ɗauka ta saduwa, ita ce dai mai kawo kansar bakin mahaifa. Akwai wani ciwon fata da yake sa kan azzakari ya yi fari ya tsuke bakin fitsari, shi ma yana ciki. Wanda aka taɓa yi wa gashi, wato ƙona kansa da hasken na'ura, a ƙugu saboda kansar furostet, da wanda ya taɓa yin kansar mafitsara, su ma ana sa musu ido. A mata kuwa yawan infekshan na fitsari mai dawowa, da wani ɗan aljihu da yake fitowa a jikin bututun fitsari yana taruwa a ciki. Amma ka ji da kyau, mafi yawan masu tsukewar bututu ba za su taɓa yin kansa ba har ƙarshen rayuwarsu, kada wani mai irin matsalar ya karanta wannan ya kasa barci.

Matsalar ita ce alamomin ciwon sak suke da na tsukewar da mutum ya saba da ita. Fitsari ya sirance, sai an yi nishi, yana rabuwa biyu ko yana fantsama, ana tashi da dare sau da yawa, zafi. Mutumin da ya shekara goma da wannan zai ce ai tsohon ciwona ne ya motsa, wanda yake duba shi ma zai ce a sake buɗewa, a ba da maganin infekshan, a dawo bayan wata uku, haka watanni za su yi ta tafiya. Ga kunya kuma, dattijo ba zai buɗe baki ya ce wa ɗansa ga abin da nake gani a gabana ba sai abu ya ci tura. Shi ya sa da yawa ba a gano su sai ciwon ya riga ya ratsa bangon bututun. Abubuwan da nake so su tayar wa kowa hankali a mai tsukewa su ne: jini yana fita daga baki ba tare da fitsari ba, ko ruwa mai haɗe da jini yana ɓata wando, ƙullutu mai tauri da ake ji in an shafa ƙasan azzakari ko matsematsi, tsukewar tana dawowa da sauri fiye da da, jini ya yi yawa bayan buɗewa ba kamar yadda aka saba ba, maruru a matsematsi da ya fashe ya ƙi warkewa ko fitsari ya fara yoyo ta wata kafa daban, da kuma kaluluwa mai tauri a gindin cinya da ba ta zafi ba ta kuma sauka. Biyu daga cikin waɗannan ka lissafa a jikin Baba, dan haka neman naman nan ya zama dole.

Bari in ɗan tsaya a kan mata, don na san akwai masu karantawa. Mace da ta daina al'ada ta ga ɗigon jini sai kowa ya tafi kan mahaifa, kuma daidai ne a duba mahaifar, amma in an duba ba a ga komai ba a tuna da bakin fitsari. Akwai wani jan tsiro mai laushi da yake fitowa tsofaffin mata a bakin fitsari, yawanci ba kansa ba ne kuma yana jin magani, amma idan yana da tauri, ko yana girma, ko launinsa ya yi duhu, ko an yi magani ya ƙi lafawa, to a yanka a gwada. Zafi lokacin saduwa da jin ƙullutu a bangon farji ta gaba su ma suna cikin alamu. Jini a cikin fitsari shi kaɗai kuwa dalilansa da yawa ne, infekshan, tsakuwar ƙoda, tsargiya a inda take, kumburin furostet, kansar mafitsara, duk sun fi wannan yawa nesa ba kusa ba, amma babu ɗaya a cikinsu da ake zama da shi a gida.

Gwajin da za a yi masa ba wani abin tsoro ba ne. Za a saka siririyar kyamara ta bakin fitsari a bi bututun a hankali har mafitsara, da maganin kashe zafi ko allurar baya ko ta barci, ya danganta. Dole a duba mafitsarar ita ma, saboda wani lokacin asalin ciwon a can yake ya gangaro, kuma maganin ya bambanta. Inda aka ga abin da ba a yarda da shi ba sai a ɗan tsinko nama a kai ɗakin gwaji. Ana kuma iya duba fitsari a madubin likita ko za a ga ƙwayoyin kansa, sai dai wannan in ya fito babu komai ba ya wanke mutum, yana kuskure sosai. Na san maganar da ake yawan yi cewa wai kansa in aka taɓa ta da ƙarfe sai ta fusata ta bazu. Wallahi ba haka ba ne, abin da yake faruwa shi ne mutane suna zuwa a makare, a yi gwaji, ciwon da dama ya riga ya yi nisa ya ci gaba da tafiyarsa, sai a ɗora wa gwajin laifi. Ba tare da naman nan ba babu likitan da zai san wane magani zai bayar.

Dalili kuwa shi ne kansar wajen ba iri ɗaya ba ce. Fatar cikin bututun tana sauyawa daga sama zuwa ƙasa, ta kusa da mafitsara irin ta mafitsara ce, ta kusa da baki kuma ta fi kama da fatar waje. Dan haka sakamakon zai iya cewa yurotiliyal, wato irin ta mafitsara, ita ce ta fi yawa, sama da rabi. Ko ya ce sukwamos, irin ta fata, wadda aka fi gani a ɓangaren azzakari da kuma masu tsohuwar tsukewa ko HPV. Ko adinokasinoma, mai fitowa daga ƙananan ƙwayoyin da ke fitar da ruwa, wannan ta fi yawa a mata, musamman masu aljihun nan da na faɗa. In sakamako ya tabbatar, sai a yi hoton MRI na ƙugu don a ga zurfin da ciwon ya yi, sannan CT na ƙirji da ciki don a ga ko ya tafi wani waje. A takardar za ka ga harafin T da lamba: Ta ko Tis yana kan fatar ciki kawai, T1 ya ɗan shiga ƙarƙashinta, T2 ya shiga naman da ya kewaye bututun, T3 ya kai ga naman da ke miƙar da azzakari ko bangon farji, T4 ya taɓa wani sashe na kusa kamar mafitsara. N na nufin kaluluwa, M kuma ya tafi nesa, huhu ko hanta ko ƙashi.

Maganar kaluluwa tana da muhimmanci. Ciwon da yake ɓangaren waje na bututu, wato sashen da ya fi kusa da bakin fitsari, yana zuba ne a kaluluwar gindin cinya, wadda hannu yake iya taɓawa, na ciki kuma yana zuba a kaluluwar cikin ƙugu wadda sai a hoto ake gani. Kuma a wannan ciwo, kaluluwar da ta kumbura yawanci kansar ce ta isa can, ba kumburin infekshan ba ne kawai, dan haka ba a cewa a sha magani a jira a gani.

To mu zo kan tambayar da na san ita ta fi damunka. A'a, ba dole ba ne. A da can kusan duk wanda aka samu da wannan ciwo a azzakari yankewa ake yi, rabi ko duka, amma yanzu in ciwon yana ɓangaren waje kuma bai yi zurfi ba, abin da ake fara nema shi ne a cire bututun da ya lalace a bar azzakarin, muddin dai za a iya cire ciwon duka gefensa ya fito tsaf a gwaji. In bututun da aka cire ya yi tsawo, sai a buɗe sabuwar ƙofar fitsari a matsematsi, tsakanin maraina da dubura, mutum ya dinga fitsari a zaune ko a tsugune, kuma yana riƙe fitsarinsa lafiya saboda tsokar riƙewar tana can sama ba a taɓa ta ba. Mutane suna firgita in sun ji wannan amma waɗanda aka yi wa suna sabawa, wasu ma da suka shekara suna wahalar nishi sai su ce sun samu sauƙi. Ƙullutun Baba da ake ji da hannu a ƙasan azzakari yana nuna alamar ɓangaren waje ne, kuma wannan ɓangaren shi ya fi kyakkyawan sakamako, sai dai hoto ne zai faɗi zurfinsa.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. In ciwon ya ci naman azzakari sosai, yanke wani sashe ko duka yana iya zama hanyar tsira da rai, kuma in yana can ciki kusa da furostet da mafitsara ya yi zurfi, aikin yana da girma, a cire mafitsara da furostet da bututu, a yi wa fitsari hanya ta gefen ciki da guntun hanji ya dinga zuba a jaka. A mace kuma yana iya haɗawa da mahaifa da bangon farji na gaba. A irin wannan mataki ba a dogara da tiyata kaɗai, sau da yawa ana fara ba da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, mai ɗauke da wani magani da ake kira sisplatin kafin aiki don a rage ciwon, kuma an ga hakan ya fi a yi aikin shi kaɗai. In nau'in sukwamos ne akwai wata hanyar, a haɗa gashi da kemo lokaci ɗaya, yawanci 5-FU da maitomaisin, irin haɗin da aka daɗe ana yi wa kansar dubura, wasu ciwon yana narkewa har a tsira da gaban, in ya rage ko ya dawo sai a yi tiyata daga baya. Wanda kuma nasa yurotiliyal ne a saman fatar bututun da ke cikin furostet bai yi zurfi ba, ana kankare shi ta kyamara sannan a dinga zuba BCG, ƙwayar rigakafin tarin fuka ɗin nan, don ta tayar da garkuwar jiki a kan ciwon. A mata masu ƙaramin ciwo kusa da baki ana iya cire ɓangaren ko a yi gashi, kowanne da nasa farashin, tiyata tana iya kawo yoyon fitsari in an cire da yawa tunda bututun gajere ne, gashi kuma yana iya tsuke bututu ko farji.

Batun warkewa, in aka haɗa kowa da kowa, na farkon mataki da na ƙarshe, tsofaffi da masu wasu cututtuka, kusan rabi ne suke kaiwa shekara 5 bayan ganowa. Amma wannan lissafin ba na mutum ɗaya ba ne, tazarar da ke cikinsa tana da faɗi sosai, mai ƙaramin ciwo a ɓangaren waje wanda kaluluwarsa take lafiya yana da damar warkewa gaba ɗaya mai kyau, wanda nasa yake ciki ya yi zurfi ya kama kaluluwa kuma lamarinsa ya fi wuya. Ko wanda nasa ya bazu akwai abin yi, kemo da sababbin magungunan garkuwar jiki in nau'in yurotiliyal ne, gashi don tsayar da jini da zafi, da gyara hanyar fitsari don ya samu sukuni.

Ra'ayina, in sakamako ya tabbatar, ku nemi a duba Baba a babban asibitin da likitan mafitsara da likitan kemo da na gashi suke zama tare su yanke shawara, kafin a yi kowane babban aiki. Ciwo ne da ba a saba gani ba, kuma wanne za a fara, kemo ko wuƙa, yana sauya sakamako, in an riga an yi aikin ba a komawa baya. Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne. Ku tambaya kai tsaye: wane nau'i ne, a wane ɓangare yake, matakin T nawa, kaluluwa fa, an duba mafitsara, za a iya barin gaban, kuma in an bari mene ne haɗarin dawowa. Ku sa a duba lafiyar ƙodarsa da wuri, don toshewar fitsari ta shekaru tana iya raunana ƙoda kuma sisplatin ba ya yiwuwa sai ƙoda tana aiki da kyau, yana kuma taɓa ji, dan haka in Baba yana da matsalar kunne ku faɗa. In yana shan taba ya daina yanzu, tana da hannu a nau'in yurotiliyal kuma tana hana rauni warkewa bayan tiyata.

Wani abu da nake gani ana sakaci da shi, a bar shi Baba ya yi magana da likita shi kaɗai na ɗan lokaci. Akwai tambayoyin iyali da na kwanciya da ba zai taɓa yi a gabanka ba, kuma shi ne mai jikin, shi zai zaɓa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ganewa, kada a ɓoye masa sunan ciwon a kai shi tiyata bai san me za a cire ba. Ka kuma kwantar wa Mama hankali, kansar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta saduwa ko wanki ko kwano, kuma ba ta cikin waɗanda aka sani da bin jinin zuri'a. In gwaji ya nuna akwai HPV, abin da ya kamata shi ne ita ma ta je gwajin bakin mahaifa, wanda dama ya dace ta yi.

Kafin ranar kyamarar, kada a sake buɗe masa bututun sai likitan da ya yi zargin ya sani, kada a matsa ƙullutun ko a shafa masa wani abu ko a tsaga. In yana shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko wafarin ku gaya wa likita tun yanzu, shi zai ce a tsaya ko a ci gaba, kada ku tsayar da kanku. In kuma fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, ko jini ya ɓalle da gudaji, ko zazzaɓi mai rawar ɗari ya zo tare da kumburin matsematsi, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne, ku tafi sashen gaggawa a daren, ku kuma gaya musu ana zargin ciwo a cikin bututun kafin kowa ya yi ƙoƙarin tura roba.